Kafin ka sayo wa kifi magani, fara duba ruwansa

Tambayar da ta fi yawa a bakin 'yan'uwanmu mazauna Fatakwal da Anacha da Inugu da suka shiga kiwon tarwaɗa a bayan gida ita ce: "Malam, kifina na mutuwa, wane magani zan saya?" Wani ma ba ya jiran amsa. Kafin la'asar ya je kemis ya sayo kafso, ya farfasa ya juye a tanki, ya bi da ruwan shuwaka, ya bi da gishiri babu awo. Washegari kifi goma da suka mutu sun zama hamsin, sai ya ce cutar ce mai ƙarfi. Sau da yawa ba cuta ce ta fara ba. Ruwa ne ya ɓaci, abin da aka zuba kuma ya ƙara ɓata shi.

Tarwaɗa ce ke ruɗin mai ita. Allah Ya yi mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take rayuwa a ruwan da karfasa ba za ta kwana a ciki ba. Mai tanki ya ga suna motsi, sai ya ɗauka lafiya lau. Alhali kashinsu da ragowar abinci suna ruɓewa a ƙasa, suna fitar da amoniya mai ƙona fata da wurin numfashi. Ƙwayoyin cutar da muke tsoro galibinsu dama suna cikin ruwan, ba sa iya komai sai jikin kifi ya yi rauni.

Saboda haka ranar da ka ga alamar matsala, aikin farko shi ne ka ɗauke abinci. Kwana ɗaya ko biyu babu ci ba ya kashe tarwaɗar da ta tasa, amma abincin da aka watsa ba a ci ba yana kashewa. Ka tsame matattu nan take ka binne su, domin 'yan'uwansu na cin su, cutar kuma ta bi ta nan. Ka sunsuna ruwan. Idan yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko kumfa ta taru a kai ta ƙi fashewa, ka san inda aka kwana. Sai ka zubar da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi daga ƙasa, inda dattin yake, ka mayar da sabo a hankali. Kada ka zubar da shi duka lokaci guda, kada kuma ka saki ruwan baƙin tankin sama da ya sha rana tun hantsi a kan kifin da ya riga ya galabaita. Tarwaɗa ta fi son zafin ruwa tsakanin digiri 26 da 30, kuma sauyin gaggawa ya fi cutar da ita fiye da zafin kansa.

Yadda mutuwar ta zo ma bayani ne. Idan ka kwanta lafiya ka tashi ka tarar manya da ƙanana sun mutu da yawa a dare ɗaya, jikinsu babu tabo, ka zargi ruwa ko guba: kulorin, sabulun da aka wanke bokiti da shi, maganin sauro da aka fesa kusa, man janareta. Cuta ba ta cika yin haka ba. Ita tana farawa da biyu yau, biyar gobe, goma sha biyu jibi.

Sai maganar ruwan garuruwan nan uku, don ba irin na gida ba ne, kuma kowanne da halinsa. A Fatakwal, daga Diobu har Oyigbo, ruwan rijiyar burtsatse yana da tsami. Ana auna tsamin ruwa da ma'aunin pH, kifi na son 6.5 zuwa 8.5, amma ba abin mamaki ba ne ka auna rijiya a can ka ga 5 ko ƙasa da haka. Irin wannan ruwa yana sa fata ta yi fari-fari tana saɓulewa, gashin baki ya lanƙwashe, ƙananan kifi su yi ta mutuwa ba tare da wata cuta ba. Kayan awon ba su da tsada, ruwa ne da ake ɗigawa a ƙaramar kwalba ya canza launi, ana samunsu wurin masu sayar da abincin kifi. Gyaran ma yana nan a bakin hanya: ɓawon kawa da na isam, wato ƙaramin dodon koɗin ruwa, da ake tarawa tsibi-tsibi a unguwannin bakin ruwa. A wanke shi sosai, a daka, a zuba a buhu a jefa cikin tankin ajiyar ruwa, zai rage tsamin sannu a hankali. Amma a kiyaye abu ɗaya. A ruwa mai tsami amoniya tana lafawa, da zarar pH ya hau sai dafinta ya tashi. Wanda ya zuba soda ko farar ƙasa a ƙazamin tanki don ya gyara tsami zai iya kashe kifinsa da hannunsa. A fara canza ruwa, gyaran tsami kuma a yi shi a tankin ajiya, ba a kan kifi ba. Ga kuma ruwan sama da ya haura milimita 2,000 a shekara, da baƙar tokar da ta fara addabar garin a ƙarshen 2016. Tankin da ba shi da rumfa yana shan duka biyun, kuma ruwan da ya gangaro daga kwanon rufi bai dace da kifi ba.

A Inugu matsalar rashin ruwan ne. Ƙasar cikin gari ba ta ba da ruwan burtsatse yadda ya kamata, mutanen Asata da Titin Owerri sun san kuɗin tankar da ke ɗauko ruwa daga Ninth Mile. Wanda ke sayen ruwa yakan ja kwanaki bai canza ba, nan ne ciwo ke shiga. Shawarata gare shi ya rage yawan kifi daidai da ruwan da aljihunsa zai iya saye. Kifi 300 da suka kai kasuwa sun fi 1,000 da aka binne rabinsu. Idan na famfo ne ya samu, a tara shi a buɗe ya kwana ya wuni don kulorin ya fita. A Anacha kuwa ruwa a wadace yake, kogin Neja na nan, sai dai ruwan kogi yana zuwa da ƙwayayen cuta da tsutsotsin kifin daji, ga dattin gari da ke gangarawa cikinsa. Wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022 a Ogbaru ya san bayan ruwa ya janye rijiyoyi ma sai an kwashe su kafin a amince da su. Ko ina kake, ruwan burtsatse da ya fito yanzu ba shi da isasshen oksijin, wani kuma in ya jima sai ya yi ja saboda ƙarfen da ke cikinsa. A bar shi ya huta a tankin ajiya, a sake shi ta bututu mai huji-huji yana fantsama. Sabon tankin siminti shi ma sai an jiƙa shi an zubar sau da yawa kafin a sa kifi.

To, ka gyara ruwa, mutuwa ba ta tsaya ba. Yanzu ne za ka kamo mara lafiya guda biyu ko uku, masu rai, ka sa a baho ka duba su a haske. Hawa sama a shaƙi iska a koma al'adar tarwaɗa ce. Wadda ta tsaya a tsaye, kai sama wutsiya ƙasa, gashin baki a waje, ba ta gudu in ka matso, ita ce mara lafiya. Ka ɗaga murfin kunnenta ka dubi jan naman da take numfashi da shi. Na mai lafiya ja ne wur. In ya koɗe, jini ya yi ƙaranci. In ya koma ruwan ƙasa, sinadarin naitarait ne ya taru a ruwa ya hana jini ɗaukar iska, kuma gishiri na maganin wannan. In gefensa ya zagwanye ya yi yauƙi, ƙwayoyin cuta ne.

Idan kifi na goga jiki a bango kamar mai ƙaiƙayi, yauƙin jikinsa ya yi yawa ya yi toka-toka, ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suka hau fatarsa, irin su Trichodina da tsutsar fata. Idan kuma ka ga fararen ɗigo-ɗigo girman ƙwayar gishiri, wannan ita ce cutar farin ɗigo, tana yawan zuwa lokacin da ruwa ya yi sanyi, da hunturu ko tsakiyar damina. Akwai abin da ya kamata a fahimta game da ita, don shi ke sa mutane su ce magani bai yi ba. Ƙwayar da ke jikin kifi tana ƙarƙashin fata, magani ba ya taɓa ta. Sai ta ƙoshi ta faɗo ƙasa, ta rufe kanta, ta hayayyafa ɗaruruwa, su fito neman kifi. A wannan fitowar kaɗai ake iya kashe su. A zafin ruwanmu zagayen yana ɗaukar kamar mako guda, don haka ɓacewar ɗigon ba warkewa ba ce, dole a ci gaba da magani kwana goma ko fiye.

Fari ko toka-toka a baki da gadon baya, gashin baki da fiffike suna cinyewa, alamar bakteriyar Flavobacterium columnare ce, wadda ke bin raunin da kifi ya ji wajen kamu ko tacewa ko doguwar tafiya a jarka. Jan gyambo a jiki, da kumburin ciki mai ruwa, da jini a gindin fiffike, aikin Aeromonas ne, abokiyar ƙazamin ruwa. Abu mai kama da auduga a kan rauni kuwa naman gwari ne da ya samu ƙofa a buɗe.

Akwai kuma waɗanda ba ƙwayar cuta ce ke kawo su ba, kuma a nan ne aka fi ɓarnar kuɗi. Tarwaɗar da ƙoƙon kanta ya tsage ta tsakiya ko ta gefe, ƙarancin bitamin C ne ya fi jawo hakan, sai a ƙara shi a abinci a kuma gyara ruwa. Wadda cikinta da fiffikenta suka yi rawaya, a binciki abin da take ci: kayan cikin kaji da suka kwana, ko abincin da mansa ya yi ɗoyi. 'Yan ƙanana da cikinsu ke kumbura ya fashe, yawan ciyarwa ne. Mu da ke da hanyar samun ƙuli-ƙuli da masara da waken suya daga Arewa a farashi mai sauƙi muna son haɗa abinci da kanmu, kuma dabara ce mai kyau. Sai dai buhun da zai shekara lafiya a Dawanau, a laimar Fatakwal makonni kaɗan ya isa ya yi funfuna, funfunar gyaɗa da masara kuma tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta. A ɗora buhu a kan katako, nesa da bango, a sayi abin da zai ƙare da wuri.

Magani ba ya yiwuwa sai ka san yawan ruwanka. Tsawo sau faɗi sau zurfin ruwa, a mita, sannan sau 1,000. Tanki mai mita 3 da mita 2, ruwa ya kai santimita 80, lita 4,800 ke nan. Rubuta shi a jikin bango da gawayi ko fenti.

Gishiri shi ne na farko, shi ne mafi aminci. Giram 2 zuwa 3 a kowace lita, wato kilo 2 zuwa 3 a lita 1,000, a narka a bokiti a zagaya da shi, a bar shi kwana uku zuwa biyar, in farin ɗigo ne kwana goma ko fiye, duk ruwan da aka canza a mayar da gishirinsa gwargwado. Tankin da muka lissafa zai ci wajen kilo 10 a ƙaramin awo. Wanda ya watsa cokali uku a irin wannan tanki bai yi komai ba. Ana kuma yin wankan gaggawa a baho, giram 10 a lita na minti 20 zuwa 30, kana tsaye a kai, da ka ga kifi ya fara kifewa ka mayar da shi ruwa mai daɗi. Na biyu shi ne hodar famanganet mai launin shunayya, tana aiki a kan cututtukan fata da naman gwari: giram 2 kacal a lita 1,000, bayan an canza ruwa. Ruwan ya kamata ya zauna ruwan hoda na awa huɗu. In ya koma ruwan ƙasa da wuri, datti ne ya cinye maganin. Wannan hoda ba a auna ta da ido, a nemi ƙaramin sikeli irin na masu gwal, domin ɗan ƙari yana ƙona wurin numfashi. Fomalin yana kashe halittun fata sosai, mililita 25 a lita 1,000, amma yana rage oksijin, yana cutar da mai zubawa, kuma in ka ga farin gari ya kwanta a gindin kwalbar ya zama guba. Ban so sabon shiga ya taɓa shi ba tare da masani ba. Kowane magani, a fara gwada shi a kan kifi biyar a baho, kuma ba a haɗa biyu rana ɗaya.

Antibayotik na da wurinsa, amma sai gyambo ya tabbata kuma likitan dabbobi ya rubuta. A abinci ake ba da shi, ga kifin da har yanzu yana ci, gwargwadon nauyinsu, kwana goma cif. Juye kafso a tanki daidai yake da mai zazzaɓi ya yi wanka da maganinsa maimakon ya sha. Abin da yake haifarwa shi ne ƙwayoyin cuta masu taurin kai, ruwan kuma ya bi kwata ya shiga unguwa. Bayan oksitetarasaikilin ana jira aƙalla kwana 21 kafin a sayar. Kuloramfenikol da koren sinadarin malakait ba a yarda da su ba sam a kifin da za a ci. Shuwaka da ganyen gwanda da ake ta yabo ba zan ce ba sa komai ba, amma ba su da awo, kuma ganyen da ya kwana a tanki datti ne. Darbejiya in ta yi yawa kashe kifi take yi.

Masu sayar da kifi mai rai a rabin duro, irin na kasuwar Ose a Anacha, nasu mai sauƙi ne: inuwa, canjin ruwa safe da yamma, babu abinci, babu magani ko kaɗan. Na san wani zai ce ai mushen kifi halal ne. Haka ne a mazhabarmu, amma halaccin bai sa wanda ciwo ya kashe, ko wanda ke ɗauke da magani a jikinsa, ya zama abin da za ka ƙyafe ka miƙa wa mai saye ba tare da ya sani ba.

Akwai kuma 'yan kasuwarmu da Allah Ya buɗa wa, masu son tankin gilashi a falo ko ofis, yara kuma sun nace sai kifin Nemo, ɗan ruwan lemo mai farin ratsi uku da fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya yi wa suna. Wannan kifin teku ne, daga tekun Indiya da Fasifik. Babu shi a Atlantika, don haka kada wani ya ce maka ruwan Bonny zai yi masa. Ana haɗa masa ruwa da gishirin teku na musamman, giram 35 a lita, gishirin girki ba ya yi. Kusan duk abin da na faɗa a sama game da gishiri juyawa yake a nan: shi ruwa mai daɗi ne wankan gaggawarsa, minti uku zuwa biyar, mai zafi da pH daidai da na tankinsa, babu kulorin.

Cututtukansa uku ne manya, kuma bambance su shi ne aikin. Farin ɗigo na teku, Cryptocaryon, ɗigo ne rarrabe da za ka iya ƙirgawa, kifi na ci yana gogar duwatsu, yana ba ka kwanaki. Amyloodinium ƙura ce laushi a jiki, numfashi da sauri, kifi na fuskantar inda ruwa ke bugowa, tana iya share tanki cikin kwana biyu ko uku. Ta ukun ita ce har ake kira cutar kifin Nemo, Brooklynella, wadda masana suka bayyana a 1970: yauƙi mai kauri fari yana saɓulewa daga kai da baya, kifi ya daina ci, ya rataye a sama yana haki. Ta fi kama sabon zuwa, musamman wanda aka kamo daga teku ba wanda aka haifa a tanki ba. Biyun farko maganin jan ƙarfe ke kashe su, tare da kayan awonsa, domin tazarar da ke tsakanin warkarwa da kisa ƙarama ce. Ta ukun ba ta jin jan ƙarfe sosai, wankan fomalin take ji, a wani mazubi daban mai famfon iska, a maimaita bayan kwana biyu ko uku. Ba a zuba ko ɗaya a babban tanki, don jan ƙarfe na kashe murjani da jatan lande da halittar nan mai kama da fure da kifin ke fakewa a cikinta. Sai an kwashe kifin duka zuwa tankin jinya, a bar babban babu kifi mako shida zuwa goma sha ɗaya, ƙwayar ta mutu da yunwa. Sabon kifi kuma ya yi wata guda shi kaɗai kafin ya shiga cikin sauran. Hukuncina a nan gajere ne: wanda ba shi da tanki na biyu da wutar da ba ta yankewa, sola ko inbata, ya haƙura da Nemo, ya saya wa yara kifin ado na ruwa mai daɗi.

Idan ka yi kwana uku kana gyara ruwa da gishiri mutuwa na ƙaruwa, lokacin neman masani ya yi, don wasu cututtukan sai an kankaro yauƙi an duba a madubin likita. Na Fatakwal suna da cibiyar kiwon kifi ta ARAC a Aluu, wadda aka kafa a 1980, da sassan nazarin kifi a jami'o'in garin. Na Anacha ga Jami'ar Nnamdi Azikiwe a Awka, na Inugu ga tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Najeriya a Nsukka, ban da ofisoshin kula da kifi na ma'aikatun gona. In za ka je, kada ka ɗauki wanda ya mutu tun dare, ba a ganin komai a jikinsa. Ka tafi da masu rai uku da ciwon ya nuna a jikinsu, cikin ruwan tankinsu, da wata kwalba mai tsabta cike da ruwan, da ɗan abincin da kake ba su, kuma ka faɗa wa likitan gaskiyar duk abin da ka riga ka zuba.